An Yi, An Ce, An Umarta: Majahulin Turanci da Tambayar “Wa Ya Aikata?”

Duk wanda ya taɓa bin sawun fayil a ofisoshin gwamnati da ke Doka, tsakiyar Kaduna ta Arewa, ya san irin takardar da akan miƙa masa bayan ya gaji da zirga-zirga. Tana buɗewa da “I am directed to inform you”, wato an umarce ni in sanar da kai. Daga nan sai ta ce an karɓi takardarka, ana duba ta, kuma za a tuntuɓe ka idan lokaci ya yi. Tsohon malamin makaranta mai jiran kuɗin sallamarsa zai karanta ta daga sama har ƙasa, ya juya bayanta, bai ga sunan wanda ya ba da umarnin ba, bai ga na mai dubawa ba, balle na wanda zai tuntuɓe shi. Ayyuka huɗu ke cikin takardar, babu mai aiki ko ɗaya. Idan wata shida suka shuɗe shiru, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Wannan ginin jimla shi ne Turawa ke kira passive voice, malaman nahawun Larabci kuma suka daɗe da kiran takwaransa majahuli, wato aikin da ba a ambaci mai yin sa ba. A makarantun sakandare na Kaduna, kamar sauran na Nijeriya, akan koyar da shi cikin darasi biyu ko uku, a matsayin dabarar juya jimla don cin jarrabawa. Wannan koyarwa ta gaza ta fuska biyu. Ta farko, tana watsi da abin da ɗalibi Bahaushe ya riga ya iya tun yana goye. Ta biyu, wadda ta fi muni, tana sakin ɗalibi ba tare da ya san cewa da wannan salon ne hukuma ke yi masa magana, da shi ake yi masa alkawari, da shi kuma ake zille wa alhaki.

Garin da takarda ta gina

Kaduna ta fi kowane gari a Arewa dacewa da wannan muhawara, domin aikin ofis ne ya haife ta. A 1917 aka dawo da hedkwatar mulkin Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna bisa zaɓin Gwamna Lugga, kuma ta ci gaba da zama babban birnin Jihar Arewa har zuwa 1967, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta raba ƙasar zuwa jihohi 12. A gefen arewa na kogin aka kafa sakatariya da kotuna da zauren majalisa na Lugard Hall. Nan aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962, nan kuma jaridar New Nigerian ta fara fitowa a farkon 1966. Turancin da ya yi saiwa a wannan yanki na akawu ne da alƙali da ɗan jarida, kuma dukansu ukun ma’abota majahuli ne.

“An umarce ni” ba ta faɗo daga sama ba. A tsarin aikin gwamnati na Ingila, wanda Nijeriya ta gada, ma’aikaci ba ya magana da bakinsa. Yana rubutu ne a madadin minista, shi kuwa minista shi zai tsaya gaban majalisa ya amsa tambaya idan abu ya lalace. Ɓoye sunan akawu yana da ma’ana muddin akwai wani sananne a sama da za a kama. Inda wannan rabin na biyu ya yi rauni, abin da ya rage shi ne ɓoyewar kaɗai, sai takarda ta zama bango tsakanin talaka da mai yanke masa hukunci.

Yadda ake koyar da shi

Darasin da yawancin masu karatu suka sha a aji bai wuce haka ba: malami ya rubuta “Musa killed the goat” a allo, ya ja kibiya biyu masu gilma juna, ya fitar da “The goat was killed by Musa”. Sai ya ba da ƙa’ida: a ɗauko karɓau a kai shi gaba, a sa wani siffa na “be”, a bi shi da siffa ta uku ta aikatau, a rufe da “by” da aikau. Ɗalibai su juya jimla ashirin a littafin aiki, a wuce zuwa darasi na gaba. Tun da yake sai da kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO ake samun shiga jami’a, malami da ɗalibi duk sun gamsu idan juyin ya yi daidai.

Matsalar ita ce, wannan atisaye yana koyar da nau’in majahulin da ya fi ƙaranci a rayuwa. Randolph Quirk da abokan aikinsa, a babban littafinsu na nahawun Turanci na 1985, sun ƙiyasta cewa kusan huɗu cikin kowace jimla biyar ta majahuli ba ta ambaton mai aiki ko kaɗan. Ke nan wutsiyar nan ta “by Musa” da ake wahalar da yara a kanta ita ce abin da Bature ya fi yarwa. Haka kuma atisayen yana cusa wa ɗalibi cewa jimlolin biyu abu ɗaya ne da aka sauya wa riga. Ba ya gaya masa yaushe ake zaɓar wannan a bar waccan, ko abin da mai magana ke ci idan ya zaɓa.

Abin da ɗalibi ya zo da shi daga gida

Yaron da ya taso a Unguwar Shanu ko Unguwar Kanawa bai shigo aji hannu rabbana ba. Hausa tana da hanyoyi aƙalla uku na yin abin da majahulin Turanci ke yi, kuma yaron yana sarrafa su ba tare da tuntuɓe ba.

Hanya ta farko ita ce lamirin nan na “an” da danginsa: ana, akan, aka, ake, za a, a. Paul Newman, a littafinsa na nahawun Hausa da ya fito a 2000, ya lasafta shi a matsayin mutum na huɗu, bayan mai magana da wanda ake yi wa magana da wanda ake magana a kansa. Idan aka jera wannan dangi kusa da siffofin Turanci, rabin darasin ya ƙare. “An rubuta wasiƙa” ita ce “the letter was written” ko “has been written”. “Ana rubuta ta” ita ce “it is being written”, siffar da ta fi rikita ɗalibai saboda “is” da “being” da suka haɗu. “Akan rubuta ta” ita ce “it is usually written”. “Za a rubuta ta” ita ce “it will be written”. “A rubuta ta” kuma ita ce “it should be written”. Har jimlar da littattafai ke ɗauka mai wuya, “I was given a book”, ba ta wuce “an ba ni littafi” ba, haka “it is said that” ba ta wuce “an ce” ba.

Hanya ta biyu ita ce aikatau mai ƙarewa da wasalin “u”, wanda F. W. Parsons na Jami’ar Landan ya sanya a giredi na bakwai cikin rabe-raben da ya yi wa aikatan Hausa a 1960: gyaru, dafu, ginu, karantu. A nan abin da aka yi wa aiki shi ke zama kan jimla, kamar dai a Turanci. Sai dai Hausa ta ƙara wani abu da Turanci ba ya iya faɗa da kalma ɗaya. “Mota ta gyaru” ta fi “an gyara mota” nauyi, domin tana nufin gyaran ya kai maƙura. “Motar ba ta gyaruwa” kuma na nufin ba za a iya gyara ta ba.

Hanya ta uku ita ce bayyana hali: a rufe, a buɗe, a ɗaure. A nan Hausa ta fi Turanci tsantseni. “The shop was closed at six” na iya nufin wani ya rufe kantin da ƙarfe shida, tana kuma iya nufin da shida ɗin an tarar da shi a rufe. Bahaushe ba ya haɗa su: ko dai “an rufe kanti”, ko “kanti a rufe yake”. Lauyan da ke yi wa shaida tambayoyi a babbar kotu ya san cewa shari’a na iya juyawa a kan wannan bambanci, tafintan kotu kuwa dole ya zaɓi ɗaya kafin ya buɗe baki.

Shaidar cewa “an” na aiki a ƙwaƙwalwar ɗalibi ko ba a gayyace ta ba tana cikin kurakuransa. Mai cewa “they have taken light”, ko “they stole my phone” alhali bai san ɓarawo ɗaya ne ko goma ba, ko “they born me in Kaduna”, yana neman inda zai ajiye “an ɗauke wuta” da “an sace min waya” da “an haife ni” ne, bai samu ba, sai ya cafki “they”. Malamin da ya ja jan biro a kai ya wuce ya bar ciwon yadda yake. Wanda ya ce masa, “Wannan ‘an’ da ke ranka, ga yadda Turanci ke faɗar ta,” ya warkar da kuskure ɗari da jimla ɗaya.

Inda hanyoyin suka rabu

Masu adawa da shigar da Hausa ajin Turanci suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa yaron da ya saba da fassara a zuci ba zai taɓa sakin jiki da Turanci ba, kuma daidaita “an” da “was” zai haifar da sababbin kurakurai. Gaskiya ne akwai ramuka. Amma ramukan ƙididdigaggu ne, kuma sai wanda ya kwatanta harsunan biyu ne zai iya nuna wa ɗalibi inda suke.

Na farko, “an” tana shiga kan kowane aikatau, so-karɓau da ƙi-karɓau: an zo, an tafi, an yi dariya, an rasu. Majahulin Turanci kuwa sai aikatau mai karɓau. Daga nan ne “he was died” da “the accident was happened” ke fitowa. Na biyu, a Hausa wanda aka yi wa aiki yana nan a mazauninsa na karɓau, “an kama shi”, alhali a Turanci yana hawa kujerar gaba ya zama “he was arrested”. Na uku, “an” galibi tana nuna hannun ɗan Adam. Turanci zai ce “the roof was blown off by the wind”, Bahaushe kuwa sai ya ce iska ta yaye rufin, domin idan ya ce “an yaye rufi” za a fara neman wanda ya hau. Na huɗu, “an” ba ta karɓar wutsiyar da ke ambaton mai aiki. Idan Bahaushe na son ya fito da shi, sai ya gina jimlar daban: “’yan sanda ne suka kama shi”. Fassarar gaggawa irin ta “an kama shi daga ’yan sanda”, da kan ɓullo a wasu shafukan labarai na intanet, ta juya ma’anar gaba ɗaya, ta mai da masu kamu waɗanda aka ƙwato mutum daga hannunsu.

Akwai kuma matsalar furuci. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu ko uku a jere, don haka ƙarshen kalmomi irin su “asked” da “fixed” kan faɗi a bakin mai koyo, daga baki kuma ya faɗi a rubutu, sai a ga “he was ask” da “it was fix”. Wannan aikin kunne ne da harshe, kuma juya jimla ashirin a takarda ba ya taɓa shi.

Hana yaro Hausa a aji bai taɓa hana shi tunani da ita ba. Abin da hanin ke yi shi ne ya bar kwatancen yana gudana a ɓoye, babu mai duba shi. Lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji a 2017, ta ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi, muhawara ta tsaya a kan abin da malami ya sani. Tambayar yadda ake koyar da yaron da ke da wani harshe a bakinsa ba ta samu irin wannan kulawa ba, alhali ita ce ke yanke hukunci a kan abin da zai fita da shi.

Darasin da zaure ya riga ya bayar

Da yawa daga cikin ɗaliban da ke fama da wannan darasi da safe suna zuwa Islamiyya da yamma, inda suke haɗuwa da shi da wani suna. Wanda ya karanta Ajuruma, ɗan littafin nahawu da Ibn Ajurrum na birnin Fas ya wallafa kafin rasuwarsa a 1323, ya san fa’ili da maf’uli, ya san yadda “kataba” ke komawa “kutiba”, ya kuma san na’ibin fa’ili, wato karɓau da ya hau mazaunin aikau bayan an ɗauke shi. Wannan shi ne ainihin abin da ke faruwa a Turanci, kuma ɗalibin ya haddace shi da misalai.

Malaman Larabci ba su tsaya a kan siffa ba. Sun tambayi dalilin da zai sa mai magana ya share mai aiki, suka lissafa: don ba a san shi ba, don kowa ya san shi, don taƙaitawa, don girmama shi, don ƙasƙantar da shi, don tsoronsa, ko don tsoron abin da zai same shi. Wannan jeri ya fi abin da ke cikin yawancin littattafan Turanci na sakandare amfani, domin ya ɗauki majahuli a matsayin zaɓin da mutum ke yi da niyya.

Al’adar Hausa ma ta san wannan niyya. Matar da ke cewa “an fita” ko “ba a dawo ba” game da mai gidanta kunya take nunawa. Yaron da ya gaida dattijo da “an tashi lafiya?” ladabi yake yi. A kunnen Bahaushe, kauce wa ambaton mutum kai tsaye alamar tarbiyya ce. A nan haɗarin yake, domin kunnen da ya saba jin “an” a matsayin kunya yana iya jin “an yi kuskure” daga bakin hukuma ya ɗauke ta da irin wannan kyakkyawan zato, alhali mai faɗar ta ba kunya yake ji ba, mafaka yake nema.

Masu cewa a guje shi baki ɗaya

Daga wancan gefen kuma akwai masu ganin maganin shi ne a kori majahuli daga rubutu. George Orwell ya ba da wannan shawara a wata maƙala tasa ta 1946 kan siyasa da harshen Turanci, littafin salon rubutu na Strunk da White na 1959 ya yaɗa ta a Amurka, yau kuma manhajojin gyaran rubutu irin su Grammarly suna ja wa marubuci layi idan ya yi amfani da shi. Suna da misalin da suke kafa hujja da shi: a Janairun 1987, Shugaba Ronald Reagan ya tsaya gaban majalisar Amurka kan badaƙalar sayar wa Iran makamai, ya ce “mistakes were made”, an yi kurakurai, bai ce wa ya yi su ba.

Amma shawarar ta wuce gona da iri, kuma masanin nahawu Geoffrey Pullum ya nuna cewa da yawa daga masu tsine wa majahuli ba sa ma iya gane shi idan sun gan shi. Orwell kansa ya yi ta amfani da shi a cikin maƙalar da ya hana shi. Dalili kuwa shi ne salon yana da aikin da babu mai yi sai shi. Mai rubuta tarihin Sa Ahmadu Bello, idan ya iso daren 15 ga Janairu 1966 a gidan da yanzu ya zama Arewa House, zai rubuta “he was killed”, an kashe shi, domin Sardauna ne zaren labarin, kuma jimla ta gaba za ta iya faɗin cewa Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ne ya jagoranci harin. Babu abin da aka ɓoye. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa duk wanda aka kama ko aka tsare, dole a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. An gina wannan tanadi da majahuli, kuma hakan ne ya ba shi ƙarfi: ya sa ɗan ƙasa a gaba, ya ɗaure duk wanda ya yi kamun, ko wace irin riga yake sanye da ita. Ɗalibin kimiyya a Jami’ar Ahmadu Bello da ke rubuta cewa an dumama ruwa zuwa digiri 100 ma haka, domin sakamakon bai dogara da wanda ya kunna wuta ba.

Sa’an nan jimla mai bayyana aikau ba ta da rigakafin ƙarya. A Fabrairun 2018 Nijeriya ta kwana tana dariya da takaici a kan iƙirarin wata ma’aikaciya a ofishin JAMB na Makurdi cewa maciji ya haɗiye naira miliyan 36. Ta fuskar nahawu jimlar cikakkiya ce, ga aikau, ga aikatau, ga karɓau, babu manhajar da za ta ja mata layi. Haka “rikici ya ɓarke”, “kuɗi sun ɓace”, “rayuka sun salwanta”, babu majahuli a cikinsu, amma duk sun shafe hannun mutum daga abin da mutum ya aikata. Wanda aka koya wa farautar “was” da “were” kawai zai bar waɗannan su wuce ta gabansa. Abin da ya kamata ya riƙe shi ne tambaya: wa ya yi, an san shi, in kuwa an san shi me ya hana a faɗa?

Tudun Biri

A daren 3 ga Disamba 2023, bam daga jirgi marar matuƙi ya faɗa kan masu taron Mauludi a ƙauyen Tudun Biri da ke Ƙaramar Hukumar Igabi, maƙwabciyar Kaduna ta Arewa. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce an binne mutum 85. A sa’o’in farko, ɗan jaridar da ya rubuta “an kashe mutane” ya yi daidai, domin ba a tabbatar da wanda ya saki bam ɗin ba. Zargi ya fara faɗawa kan rundunar sojan sama, ta kuwa musanta, kuma da wani ya yi gaggawar sa sunanta a mazaunin aikau da ya yi mata ƙazafi. A wannan lokacin majahuli shi ne gaskiya.

Washegari gwamnatin jihar ta sanar cewa rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa jirginta ne, kuma bayan haka Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je ƙauyen ya nemi gafara. Daga wannan sa’a jimlar nan ta “an kashe mutane” ta sauya hali ba tare da harafi ɗaya ya motsa a cikinta ba. Jiya rashin sani ne ya sa aka share mai aiki. Yau an san shi, don haka duk wanda ya ci gaba da share shi yana yin haka ne bisa ɗaya daga sauran dalilan da malaman Larabci suka lissafa, kuma mai karatu na da haƙƙin tambayar wanne ne. Ga iyalan da ke jiran diyya da hukunci, bambancin “an jefa bam” da “sojan ƙasa sun jefa bam” shi ne bambancin ƙorafin da za a kai wani ofishi da wanda za a bar wa Allah.

Abin da ya kamata a sauya

Gyaran bai buƙatar sabon gini ko kwangila. A aji, malamin Turanci ya fara darasin da jeren an, ana, akan, za a, ya ɗora siffofin Turanci a gefensu, sa’an nan ya nuna ramukan nan huɗu tun kafin ɗalibi ya faɗa. Kwalejojin ilimi da Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda hedkwatarta ke Kaduna tun 1976, su ne wuraren da ya dace a koya wa malamai wannan kwatance, domin malamin da bai taɓa nazarin nahawun harshensa ba ba zai iya yin gada da shi ba.

A rage juya “Musa killed the goat”, a kawo takardun gaske: kanun jarida, sanarwar hukuma, takardar haya, takardar sallama daga asibiti. Ɗalibi ya ja layi ƙarƙashin kowane aiki, ya rubuta wanda ya yi shi a gefe, inda babu kuma ya faɗi dalilin da yake gani ya sa aka share. Yaron da ya yi wannan sau goma zai karanta “payment shall be made” a yarjejeniya ya tambayi wa zai biya da yaushe kafin ya sa hannu.

A ɗakin labarai, edita ya riƙe ƙa’ida ɗaya: majahuli na da hurumi muddin ba a san mai aiki ba, ko ba shi ne abin labarin ba, amma da zarar an tabbatar da shi sai ya hau kan jimla. “It was gathered that” da ’yar’uwarta “an ce” su zo da wanda ya ce, ko da dalilin sakaya sunansa, in ba haka ba bambancinsu da “wai” kaɗan ne. Bahaushe ya san darajar irin wannan magana, shi ya sa da aka ce da kare tuwo ya yi yawa a gidan biki, ya ce ma gani a ƙas.

A ofis kuma, babu wanda ke neman a daina “an umarce ni”. Abin da ake nema shi ne jimla ɗaya a ƙasanta da ke faɗin sashen da fayil yake, da muƙamin jami’in da ke riƙe da shi, da ranar da zai ba da amsa. Tsohon malamin nan mai jiran kuɗin sallama ya shafe shekara 35 yana koya wa yara juya jimla daga wannan salo zuwa wancan. Bai yi yawa ba idan takardar da ofis zai ba shi ta juyo ta gaya masa wanda zai je ya gani ranar Litinin.